Surukin da Najeriya Ba Ta Sani Ba

Aikina rubuta manhaja. Idan na rubuta sharaɗin da ke buɗe wa wani ƙofa ya rufe wa wata ba dalili, sunansa kuskure, kuma a ranar ake gyara shi. Tsarin Mulkin 1999 na ɗauke da irinsa.

Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama ’yar ƙasa. To Bakatsiniyar da ta auri mutumin Maraɗi fa? Mijinta sai dai ya bi Sashe na 27, ya yi zaman shekara 15. ’Ya’yansu ’yan Najeriya ne, ubansu kuwa baƙo a gidansa.

Ranar 1 ga Maris 2022 aka kai gyaran gaban Majalisar Tarayya, aka kayar da shi. Nijar ta gyara nata tun 2014.

Wai baƙi za su kwararo ta hanyar aure. Me ya sa tsoron bai tashi a kan matan da maza ke aurowa ba? ’Yan majalisa, ku daina kwana-kwana: ko ku gyara sashen, ko ku fito ku ce mace rabin ’yar ƙasa ce.