Argungu Bayan Taro Ya Watse

Wanda ya san Argungu a ranakun bikin kamun kifi kaɗai, taro ya gani, bai ga gari ba. Da daminar bana na koma, babu kiɗa, babu ayarin manyan baƙi. Matan Fada ya cika ya batse, manoman shinkafa na ta fama a fadama. A Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, ni kaɗai ne baƙo, har mai kula da wurin ya samu sukunin yi mini bayani a tsanake.

Bikin ya faro ne a 1934, amma daular Kabi ta girme shi da ƙarni huɗu. In muka bar ɗalibanmu suna sanin kifin, ba su san Kanta ba, laifinmu ne. Mu kai su yanzu.