Kafin Mu Sayar da Gona Mu Tafi Indiya



Duk wanda ya daɗe a Zuba, Dei-Dei, Karmo ko Mararraba ya san yadda abin yake. Da an ce wani namu yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, sai a fara karo-karo, a aika gida a sayar da gona, a shiga neman bizar Indiya ko Masar. Hujjar kullum ɗaya ce, wai can ne ake da na'urar da ke nuna wa likita inda ƙarin yake. To jama'a, mun ma san aikin na'urar nan kuwa?

Kamar taswirar waya take, wadda ke nuna wa direba hanya. Kafin tiyata ana ɗaukar hoton kai da MRI ko CT, a zuba a kwamfuta. A ɗakin tiyata sai a kafe kan majiyyaci, kyamara ta daidaita hoton da kan nasa. Duk inda likita ya ɗora tsinken nuni, zai ga wurin a allo, kuskuren bai wuce 'yan milimita ba. Ta haka ake rage girman yanka, a kauce wa sassan da ke kula da magana da motsi. A 1947 Spiegel da Wycis suka fara irin wannan awo a Amurka da firam ɗin ƙarfe da ake ɗaurawa a kai. A 1986 David Roberts ya fito da hanyar da ba ta buƙatar firam.

Amma fa taswirar tana tsufa. Da an buɗe ƙoƙon kai ruwa ya zuba, ƙwaƙwalwa takan gusa, hoton jiya ya daina dacewa da abin da ke gaban likita. Shi ya sa wasu ke ƙarawa da sikanin irin na masu juna biyu ana cikin aiki. Daga nan sai ƙwarewar hannu.

Hannun kuwa muna da shi. Tun 1962 Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan. Akwai cibiyarta a asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato, ana kuma yin ta a Asibitin Ƙasa na Abuja da aka buɗe a 1999.

A ganina jinkiri ne ke cin mu. Ciwon kai mai tsanani da safe haɗe da amai, farfaɗiya da ta fara bayan an girma, dushewar gani, mutuwar ɓarin jiki, canjin hali: sai mu ce iska ce ko sammu, watanni su wuce ba a ɗauki hoto ba. Alhali ba kowane ƙari ne kansa ba, wasu ana cire su a warke sarai. A yi addu'a, a kuma je a ɗauki hoto.

Idan an samu hoton, a tambayi likitan ƙwaƙwalwa a nan gida: shin wannan ƙarin yana buƙatar na'urar? Kuna da ita? Kun saba yin irinsa? Ƙarami mai zurfi ya fi buƙatarta. In ya ce a fita waje, a fita da hoton a hannu, a kuma san wanda zai duba majiyyaci bayan dawowa.

Ƙungiyoyinmu na kasuwa da na 'yan gari ɗaya su ware asusun ɗaukar hoto, su kuma yi wa mambobi rajistar inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai na ji ra'ayoyinku.