Daga ɗakin bincike zuwa rufin shago: Ina jami'o'in Najeriya a harkar wutar sola?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, ɗan kasuwa sai ya yi lissafi kafin ya ja igiyar janareta. Ƙarin kuɗin wuta da aka yi wa masu rukunin Band A a Afrilun 2024, zuwa naira 225 kan kowane yunit, ya ƙara kora jama'a zuwa ga farantan sola. Duk wanda ya zagaya Kasuwar Sabon Gari a Kano ya ga yadda cinikinsu ya buɗe.

Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, kayan da yake ɗorawa a rufin shagonsa daga jami'a suka samo asali. A 1983 Farfesa Martin Green na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya ya fito da fasahar PERC, wadda ke ƙara yawan wutar da faranti ke tatsa daga hasken rana. Ɗalibinsa, Shi Zhengrong, ya koma China ya kafa kamfanin Suntech a 2001, ɗaya daga cikin masana'antun da suka karya farashin sola a duniya. Haka batirin lithium: binciken John Goodenough a Jami'ar Oxford a 1980 ne ya share hanya, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. A duka biyun, malami ya gano, mai jari ya karɓa.

Najeriya ba ta makara wajen farawa ba. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma takwararta a Nsukka. Masanan Sakkwato sun ƙera murhun girki da hasken rana, na'urar busar da amfanin gona, da murhu mai tsimin itace. Sai dai shekaru fiye da 40 bayan haka, matar da ke girki a Gusau da itace take yi, farantin da ke rufin mijinta kuma daga China aka yi odarsa. Samfurin yakan tsaya a wajen baje koli, saboda babu masana'antar da ke jiran sa. Yajin aikin ASUU, irin na wata takwas a 2022, shi ma ba ya barin bincike ya ɗore.

Gasa da China wajen ƙera faranti ba abin da za a iya ba ne yanzu. Amma akwai tambayoyin da sai jami'ar gida ce za ta amsa su. Ana auna ƙarfin faranti a zafin digiri 25, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara kan haura 40, kuma wutar da faranti ke bayarwa raguwa take yi idan ya yi zafi. Ƙurar hunturu na lulluɓe gilashin. Batir kuwa zafi na rage masa kwana, shi ne kuma ke cin mafi yawan kuɗin mai saye. Wane batir ke jure wannan yanayi? Wane faranti ne jabu? Ma'aikacin da ya ci bashi ya saka sola bai da inda zai ji amsa sai bakin dillali.

Wurin gwaji kuma akwai shi. A Satumbar 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara. Tasha irin wannan na iya tara bayanan shekaru kan ƙura da zafi, idan an ɗauke ta a matsayin ɗakin bincike.

Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daina ƙara wa sararin sama gurɓatacciyar iska nan da 2060. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Jihar da ta karɓi wannan iko za ta buƙaci wanda zai auna mata ingancin faranti da batir kafin ta kashe kuɗin jama'a, kuma kuɗin binciken TETFund na iya kafa wannan ɗakin gwaji a jami'ar da ke cikinta.