Jirgin Sama Mai Shan Haidurojin: Ina Rabon Kaduna?

Ranar 19 ga Janairu, 2023, wani jirgi ƙirar Dornier 228 mai kujeru 19 ya tashi a ƙasar Ingila, ya yi shawagin minti 10 ya sauka. Injinsa na dama kananzir yake sha kamar yadda aka saba, amma farfelarsa ta hagu lantarki ne ya juya ta, rabinsa daga batura, rabinsa daga iskar haidurojin. Kamfanin ZeroAvia ne ya yi wannan gwaji. Mutanen Kaduna ba baƙin irin wannan jirgi ba ne, domin kamfanin Dornier Aviation Nigeria da ke garin ya daɗe yana aiki da shi.

To, yaya iska take zama lantarki? Na'urar da ke wannan aiki, bari mu kira ta batir mai shan haidurojin, ba a yi mata caji. Muddin ana ɗura mata iskar, za ta yi ta ba da wuta. Haidurojin yana shiga ta gefe guda, sai ƙarfen filatinam ya raba kowace ƙwayar zarrarsa gida biyu, furoton da ilaktaron. A tsakiya akwai wata fata mai laushi wadda furoton kaɗai take bari ya wuce. Ilaktaron kuwa tilas ya zagaya ta cikin waya, wannan zagaye nasa shi ne lantarkin da ke juya farfela. A ɗaya gefen sai su haɗu da oksijin, su zama ruwa. Ba hayaƙi, ba toka. Dabarar ma tsohuwa ce: William Grove ya gwada ta tun 1839, kuma 'yan sama jannatin Apollo sun sha ruwan da irin wannan batir ya zubar.

Kada ɗalibi ya ruɗu da wannan kyakkyawan labari. Gaskiya ne kilo guda na haidurojin ya ninka kilo guda na kananzir kusan sau 3 wajen ƙarfi. Sai dai yana da cin wuri ƙwarai. Ko an sanyaya shi ya zama ruwa, wato a ma'aunin sanyi 253 ƙasa da sifili, tankinsa sai ya kai girman na kananzir kusan sau 4. Kuma kimanin rabin ƙarfin yana fita ne a matsayin zafi, wanda dole a san yadda za a kore shi. Duk wanda ya san ranar watan Afrilu a nan ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kamfanin Universal Hydrogen na Amurka ya tashi babban jirgi a 2023, amma ya rufe a 2024 saboda rashin kuɗi. Airbus da ya yi alkawarin jirgin fasinja a 2035, shi ma a 2025 ya ɗage lokacin.

Ra'ayina shi ne mu daina ɗaga kai sama tukuna, mu dubi kudancin kogin Kaduna. Galibi haidurojin ba a tsintarsa, yin sa ake yi. Matatar mai da aka buɗe a 1980 a hanyar Kachia ta horar da injiniyoyin da suka san shi, domin sashen inganta fetur a matata yana fitar da shi. Amma wanda ake samu daga mai ko gas bai raba mu da gurɓata iska ba. Mai tsabta shi ne wanda ake samu ta hanyar fasa ruwa da lantarki, kuma kowane kilo yana cin lita 9 ta ruwa da kimanin kilowat-awa 50. Ruwa kam ga kogi. Lantarkin fa? Masaƙun Kakuri, har da KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, ƙarancin wuta yana cikin abubuwan da suka durƙusar da su. Garin da bai iya riƙe masaƙa ba, da wace wuta zai ciyar da jirgi?

Saboda haka ƙofarmu ita ce ƙaramin jirgi marar matuƙi, irin Tsaigumi da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018. Jirgi mai wannan girma haidurojin kaɗan ya ishe shi, faifan sola zai iya samar da shi, kuma yana daɗewa a sama fiye da mai batir zalla. Ana iya sa shi duba gonaki da layin bututu.

Ku kuma malaman kimiyya na Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, aikin yana iya farawa gobe. A fiƙe fensir biyu ta kowane baki, a haɗa su da batir mai bolt 9, a tsoma cikin kofin ruwan da aka jiƙa bakin soda a ciki. Kada a sa gishiri, domin yana fitar da iskar kilorin mai cutarwa. Sai a sa ɗalibai su faɗi wane fensir ne ya fi kumfa, su kuma bayyana dalili.