DICON: Suna Na Janar, Gumi Na Maƙeri

A unguwar Kakuri ta garin Kaduna akwai masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin Nijeriya, wadda ake kira DICON. An kafa ta a 1964 da taimakon wani kamfanin Jamus, Fritz Werner. Ta girmi kamfanin Embraer na ƙasar Burazil da shekara biyar, amma yau jiragen saman ƙanen suna shawagi a duniya. Ita kuwa yayar, da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai aka wayi gari tana ƙera kujeru. Me ya jawo haka?

Mahukunta za su ce rashin kuɗi. Ina! A 2015 ba a ƙasar nan aka tayar da maganar dala biliyan 2.1 na sayen makamai ba, har aka gurfanar da Sambo Dasuki? Kuɗi akwai. Abin da babu shi ne ganin girman mai aiki.

Ku dubi yadda ake shugabantar gidan. Hafsan soja ake turowa, ya yi 'yan shekaru, a ɗauke shi a kawo wani, kowa da tasa alƙiblar. Farar hular da ya tsufa a gaban inji, wanda daga jin kukansa yake gane ciwonsa, nasa ƙamewa da sarawa. To masana'anta ba bariki ba ce. A bariki umurni ake bi. A maƙera kuwa dole yaro ya iya ce wa ubangidansa, "Ranka ya daɗe, ƙarfen nan bai nuna ba." Inda aka hana faɗin haka, kowa sai ya kama bakinsa yana jiran ƙarshen wata.

Ku dubi sunayen ma. Bindigar da suka ƙera, OBJ-006, sunan Obasanjo ta ci. Motar sulken da aka ƙaddamar a 2019, Ezugwu, sunan janar ɗin da ke shugabantar wurin a lokacin ta ɗauka. Ina sunan mai walda? Ina na mai gyaran inji? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi! Amma da aka sami fashewa a masana'antar a watan Satumba na 2025, wajen lalata tsofaffin sinadarai, waɗanda ke bakin aikin ne suka jikkata, har aka rasa rai.

A 2023 an sa hannu a sabuwar dokar DICON domin jawo 'yan kasuwa. Madalla. Sai dai doka ba ta ɗinke zuciyar da wulaƙanci ya yaga.

Kada wani ya ce ina ruwan mutumin Gumel da Kakuri. Dukiyarmu ce ake zubawa a can. Sannan wannan cuta tana nan a shagunan walda na Gumel da Gagarawa, tana garejin Sule Tankarkar, tana tsakanin masu lodi a kasuwar Alhamis ta Maigatari: yaro ya yi aiki, maigida ya sha yabo, sallama kuma sai an ga dama. Wanda yake da yara a ƙarƙashinsa, ya biya su a kan kari, ya saurari gyaransu, ya ambaci sunansu in aiki ya yi kyau. Wanda kuma yake ƙarƙashin wani, ya kyautata aikinsa, amma kada ya yi shiru in an danne masa haƙƙi. Ba yadda za a yi mu la'anci zaluncin manya, alhali muna gwada shi a kan yaran shagonmu.