DOLE SAI KA ZAMA JARUMI?

A wannan watan ba sharhin fim zan yi ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai tun Juma'ar da ta wuce.

Bayan an sauko daga masallaci na ratsa ta Kasuwar Kurmi, sai na yi kiciɓis da wani abokina ɗan Yakasai da muka yi firamare tare. Ba zan kama sunansa ba, shi ya san kansa. Shekara shida ke nan yana bin 'yan fim. Babu ofishin da bai sani ba a Titin Gidan Zu, babu lokeshin ɗin da zai ji labari bai je ba. A duk tsawon wannan lokaci sau uku ya fito a fim: sau ɗaya mai gadi, sau ɗaya ɗan aike, na ukun kuwa cikon benci a wajen ɗaurin aure, ƙeyarsa kawai aka gani.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, yaron nan tela ne na gani na faɗa. Bara wani furodusa ya ga ɗinkinsa, ya ce ya zo ya riƙe masa ɓangaren sutura a wani fim mai dogon zango, ya ƙi. Wani kuma ya ce ya zo ya zauna kusa da edita ya koyi tace hoto, nan ma ya ƙi. Hujjarsa ɗaya ce: shi jarumi ya zo zama, idan aka san shi da ɗaukar kaya an gama raina shi. To ga shi yanzu iyayen yarinyar da yake nema sun ce ya turo magabata, kuma keken ɗinkin ma ya sayar tun bara waccan ya zuba kuɗin a wani fim da har yau bai fito ba.

Na ce masa, malam, zo mu duba tarihin mutanen da ke maƙwabtaka da kai.

Ado Ahmad Gidan Dabino a Zangon Barebari ya tashi, nan cikin ganuwa. An haife shi a 1964, kuma bai shiga makarantar boko yana yaro ba. Sai da ya kai kimanin shekara 20 sannan ya fara zuwa ajin yamma na manya. Ku duba fa, shekarun da wasunmu ke cewa lokaci ya ƙure musu, a nan shi ya fara. Yana son wasan kwaikwayo, amma a lokacin babu wata masana'antar fim da za ta ɗauke shi, domin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na kasuwa a Kano, sai a 1990 ya fito. Sai ya kama alƙalami. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya fito a farkon shekarun 1990, ya karaɗe ƙasar Hausa, kuma shi ne littafin da aka mayar fim a 1994. Ya jagoranci ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ya buga littattafai, ya shirya finafinai, ya fito a cikinsu, daga baya ya koma aji ya yi difiloma a aikin jarida a Jami'ar Bayero. A 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON.

Da a ce ya zauna ya naɗe hannu yana jiran ranar da wani zai ɗora masa kyamara, da wa zai san shi? Abin da yake so shi ne ya ba da labari jama'a su ji. Da ƙofar fim ba ta buɗe ba sai ya bi ta ƙofar littafi, kuma littafin ne ya dawo da shi fim ɗin.

Labarin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fi wannan ma taɓa zuciya. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana da shekara 13 ba. Auren bai ɗore ba. Karatun da ta rasa tana yarinya sai ta neme shi a ajin manya na Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka mayar fim a 1998, kuma a 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Indiyar nan dai da muke kwaikwayon rawarsu! Daga baya ita ta shirya Juyin Sarauta, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Gidan Dabino kuma ya fito a ciki.

Ita kanta masana'antar haka ta rayu. Yayyenmu suna ba mu labarin lokacin da Ƙofar Wambai ce ke yanke hukunci a kan kowane fim: idan 'yan kasuwa suka karɓi kaset ɗinka ka tsira, idan suka juya maka baya ka shiga uku. Kaset ya wuce, faifan CD ya zo, shi ma masu tura finafinai a waya da masu satar fasaha suka kwantar da shi. A 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, wasu suka kwashi kyamara suka koma Kaduna da Jos suka ci gaba da aiki. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa. A 2020 Izzar So ya fara fita a YouTube, Labarina na Aminu Saira shi ma ya shigo, kasuwa ta koma ta finafinai masu dogon zango. Furodusoshin da suka dage sai faifai mai kashi na ɗaya da na biyu, ina suke yanzu? Kuma ku lura, Saira ɗin da kowa ke ambato, sau nawa kuka gan shi yana rangaji a gaban kyamara? Ko Ali Nuhu da abokina ke kwaikwayon tafiyarsa, ilmin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, bai tsaya a fitowa kaɗai ba, ya yi darakta, ya yi furodusa, har a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya.

Kada wani ya ce na ce a karɓi duk abin da aka miƙo. A'a. Idan aka ce sai ka biya kuɗi kafin a sa ka a fim, ka riƙe kuɗinka. Ƙannena mata kuwa, duk wanda ya ce a haɗu a otal don a gwada ki, ba darakta ba ne, ki gaya wa na gaba da ke. Sauya hanya daban, sayar da mutunci daban.

Ni ma da nake wannan surutu, burina a da shi ne in zama darakta. Sau biyu ina neman gurbin jami'a ban samu ba, na yi fushi na kusan shekara guda ina zaman majalisa, har mahaifiyata ta ce, kai ɗan nan, zaman me kake yi? Da ƙyar na yarda na tafi kwalejin kimiyya da fasaha na yi difiloma. A can wani malami ya ga rubutuna ya tura ni wajen 'yan jarida. Yau ga shi da biro da 'yar rikoda ina shiga lokeshin ɗin da a da ko leƙe ba a bari na yi, ina zama kusa da daraktoci ina kallon yadda suke tsara fitowa. Burin yana nan, ban binne shi ba, har na fara rubuta wani ɗan gajeren labari.

Mun rabu da abokin nawa a bakin Ƙofar Mata ana kiran La'asar. Na ba shi lambar furodusan nan mai neman tela, domin na ji har yanzu bai samu wanda ya gamsar da shi ba, kuma a ƙarshen wata za su fita ɗaukar zango na biyu. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara. Har zuwa lokacin da nake miƙa wannan rubutu bai kira shi ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.