A Kare Daji Da Doka, A Kare Ran Mafarauci

'Yan'uwa mazauna Obiagu a Inugu, da na Anaca da Fatakwal.

A watan Maris 2025 aka tare mafarauta 16 a garin Uromi ta Jihar Edo, sun taso daga Jihar Ribas za su Kano hutun Sallah. Don an ga bindigogin farauta a motarsu, sai aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su, aka ƙona su. Gwamna Monday Okpebholo ya je Kano ta'aziyya. Mun gode, amma ta'aziyya ba ta tsare ran wanda ya rage.

Masu cewa ɗan Arewa ne ke cinye dajin Kudu, muna tambayarsu: wa ke sare itatuwan gandun daji yana lodin katako a manyan motoci? Wa ya haddasa zaizayar ƙasa a Nanka da Agulu? Mai adaka ɗaya? Haba jama'a!

Ba mu ƙi a kare daji ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare daji da namun daji. Tun 1985 akwai dokar hana farauta da fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa. To, shi wannan Tsarin Mulki, a sashe na 33 da na 41, shi ne ya ba mu 'yancin rayuwa da na zama ko'ina a Nijeriya. Ba a ɗaukar ɗaya a jefar da ɗaya.

Abin da muke nema a fili yake. Jihohin Inugu, Anambara da Ribas su yi rajistar mafarauta ta hannun Sarakunan Hausawa, su ba su katin shaida. A fayyace dajin da aka hana shiga, da dabbar da aka hana kashewa, a buga da Hausa. Wanda ya saɓa, a kai shi kotu, ba hannun 'yan banga ba.

Ku kuma mafarauta, kada wanda ya riƙe bindiga ba lasisin 'yan sanda. Ku bar ƙona daji don gafiya. Masu maganin gargajiya, ku fita harkar kan ungulu da hauren giwa. Kada mu ba mai neman kuka dalili.

Duk mafaraucin da ke unguwanninmu ya kawo sunansa ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare na baya.

Sakataren Ƙungiya,
Obiagu, Inugu